Zanen Bik a Ƙirjin Gaji

Ku ɗiyana, da ku ɗiyan ƙanena Gaji, ku matso. Wannan babin ba zan yi masa kwalliya ba, don lakwal ɗina bai wuce aji biyar ba, kuma ko da ya wuce, kwalliya ba halina ba ce. Na san maganar da ke yawo a cikin dangi, har ta yi gemu. Ana cewa Gaji ya shiga likita yatsun ƙafarsa na motsi, ya fito a keken guragu. Ana cewa ni Kiari na tare ƙofa na hana mai ɗori ya taɓa shi. Ana cewa tsohuwarmu, Ya Falmata, ta koma ga Allah da fushina a ranta. To duka ukun gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, masu faɗar ba wanda ya taɓa juya Gaji a kan gado ko sau ɗaya. Laifina na ainihi kuma, wanda na aikata da hannuna a tsakiyar kasuwa, ba wanda ya taɓa ambatarsa, don a wurinsu ba laifi ba ne.

Shekarar da aka sassauta dokar tattasai ce. Ku da kuka tashi a cikin garin Diffa ba ku san abin da wannan ke nufi ba. Tun da mutanen daji masu bindiga suka fara tsallako kogin Komadugu aka tashe mu daga ƙauyenmu na bakin ruwa, aka hana moto, wato babur, aka hana su a kogi, aka hana fitar da tattasai, taki ma sai da takarda. Ni na kama ɗaki biyu a cikin gari, Gaji da iyalinsa da tsohuwa suka kafa rumfar zana a Assaga, a bakin kwalta. Mutumin da ya saba cika rumbu ya koma bin layin rabon hatsi. Sai rana ɗaya aka ce an buɗe. Wallahi ranar na ga dattawa suna tafiya suna dariya su kaɗai. Kasuwa ta koma ja wur, ko'ina atishawa, ko'ina hawaye, kuma ba wanda ya ce yaji ya dame shi. Ni da Gaji mun noma wani ɗan fili da aka ara mana kusa da gari, mu shiga da hantsi mu fito kafin la'asar kamar ɓarayi, kuma ya yi kyau, ya yi kyau ƙwarai. Buhun busasshen tattasai ba nauyi gare shi ba, girma gare shi, shi ya sa ake jibga shi a kan kamiyo, babbar motar kaya, har ya fi soro tsawo. Gaji ne gwanin ɗaurin lodi. Siriri ne, ba ya tsoron bisa, bakinsa kuma ba ya hutawa. Yana can ƙololuwa yana tsokanata, wai in matsa daga jikin motar kada tumbina ya hana ta tashi, ya dafe buhu da ƙafa ya ja igiya iya ƙarfinsa, sai ta tsinke. Tsohuwar igiya ce, ta daɗe a ajiye tana jiran a buɗe kasuwa kamar mu. Da ƙeya da kafaɗa ya sauka.

Ga laifina, ku riƙe shi da kyau. A wurinmu in mutum ya faɗo daga bisa, daga raƙumi ne ko daga itace, abu na farko shi ne a tashe shi ya taka ƙasa da ƙafarsa, a ɗaga masa hannuwa a girgiza shi, wai kada jini ya kwanta a ciki, kada kuma tsoro ya zauna masa a gwiwa. Haka aka yi wa ubana, haka aka yi mini ina yaro. Ni na fara isa kansa. Idonsa biyu, yana magana sarai, har yana motsa yatsun ƙafa, don silifa ɗaya ta fita ina ganinsu. Ya ce mini:

"Yaya, bari tukuna. Wuyana."

Ban bari ba. Na zura hannuwana a hammatarsa na ɗaga shi tsaye, jama'a suna cewa madalla, a taka da shi, a taka da shi. Kansa ya faɗo gaba, ya yi wata ƙara, ya ce wuta ta ratsa shi daga wuya har tafin ƙafa kamar ya taɓa wayar lantarki. Gwiwoyinsa suka naɗe. Moto babu, masu mota kowa da lodinsa, sai amalanken jaki muka samu. Muka zaunar da shi, ku ji fa, zaunar da shi muka yi, muka jingina shi da buhu, kansa na lilo duk ramin da aka faɗa. A shingen sojoji muka sauka muka ɗaga riguna kamar yadda doka take a lokacin, shi aka leƙa shi aka ce mu wuce.

A likita wata majo, wato malamar jinya, ce ta karɓe mu, Ramatu, 'yar yamma, gajera, muryarta ta fi ta girma. Tana ganin Gaji zaune a amalanke ba ta ko amsa sallamata ba. Ta sa aka kawo katako, mutum huɗu suka kwantar da shi a miƙe kamar sanda, ita tana riƙe da kansa, ta yanki kwali ta naɗe da auduga ta yi masa abin wuya. Sannan ta juyo ta ce:

"Wa ya zamnar da shi?"

Na ce ni ne, har na tashe shi tsaye. Ta dube ni, ta koma kan Gaji. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Aka yi masa radiyo, hoton ƙashi ke nan, aka ce ƙashin gindin wuya ya tsage ya ɗan goce, aikinsa kuma sai Yamai, hanyar da mai lafiya ma sai ya yi jinya in ya isa. Likitan ya ce a kwantar da shi a tsare wuyan. Daga nan majo ta yi abin da ya zama rigimar gidanmu har yau. Ta ɗauki tsinke tana tsikarinsa daga ƙafa tana hawa, tana tambaya, ka ji, ka ji. A ƙafa yana ji sama-sama kamar ta bayan bargo. Daidai cibiya ya ce wash. Ta zaro bik, biro ke nan, daga aljihu ta ja layi a fatar cikinsa. Ta ce ya matse mata yatsa, ya matse da ƙarfi har ta yi murmushi. Na fita waje na yi hamdala, na aika Assaga a gaya wa tsohuwa da sauƙi.

Washegari layin ya hau zuwa ƙarƙashin haƙarƙari, yatsun ƙafa suka yi shiru. Rana ta uku ya kai nono, kuma da aka miƙa masa kofi sai ya zame daga hannunsa. Yatsun sun lanƙwashe sun ƙi buɗewa. Layi uku a jikin ƙanena, kowane sama da na jiya, kamar alamar da ruwan Komadugu ke bari a gaɓa in yana cikowa. Mutum yana kwance, ba wanda ya buge shi, ba wanda ya kada shi, ana ta ɗura masa ruwa da allurai, amma kullum sai ya ragu. Na tare majo a baranda na ɗaga murya, na ce mun kawo mutum da ƙafa kuna cinye shi a tsaye, ku faɗa mini abin da kuke zuba masa. Na zaci za ta kira mai gadi. Sai ta tambaye ni sana'ata. Na ce tattasai. Ta ce to zauna.

Abin da ta gaya mini a kan bencin nan ban taɓa jin irinsa ba. Ta ce lakar da ke cikin ƙashin baya taushi gare ta kamar ɓargo, kuma ta cikinta saƙo ke bi daga kai zuwa ƙafa, daga ƙafa zuwa kai. Faɗuwar ta murƙushe wani sashe nan take, wannan ya tafi. Amma ɓarnar ba ranar take ƙarewa ba, ranar take farawa. In hannu ya bugu yana da filin kumbura. Laka kuwa a cikin bututun ƙashi take, in ta kumbura kanta take shaƙewa, jini ya kasa isa, kamar tiyon ban ruwa da amalanke ya taka. Sannan jiki yana da nasa sojoji a cikin jini, su ne garkuwarsa. Da sun ji an yi rauni sai su yi tururuwa zuwa wurin don su kwashe abin da ya mutu, kuma dole ne su zo, in ba su zo ba wurin ruɓewa zai yi. Sai dai suna aiki suna fesa dafi. Ta ce:

"Ka taɓa cika wa feshi magani don haushin tsutsa?"

Na ce na taɓa. Ta ce me ya faru. Na ce tsutsar ta mutu, kunya uku na shuka suka ƙone tare da ita.

"To shi ne ke faruwa a wuyan ƙanenka yanzu haka. Jikinsa ne ke yi, ba mu ba."

Ta ƙara da cewa akwai ƙwayoyin jijiya da dafin bai ma taɓa su ba, amma da sun ga an yanke su daga 'yan'uwansu sai su kwanta su mutu da kansu, yau kaɗan, jibi kaɗan, har makonni. Kuma ba kamar fata ko ƙashi ba ne da ke tofowa, wadda ta mutu ta mutu. Amma a gefen wurin akwai waɗanda ba su mutu ba, suma suka yi, kumburi ya danne su. Su ake yaƙi a kai. In aka bar wuyan bai motsa ba, jini na isa, kumburin ya sauka, wasu za su farfaɗo. In aka ja shi ko aka murɗa, an sake sabon rauni, sojojin su sake dawowa da sabon feshi. Na tambaye ta tsakani da Allah ko ɗagawar da na yi masa ce ta jawo. Ta ce ba mai iya raba na faɗuwa da na ɗagawa da na amalanke sai Allah, amma ɗagawar ba ta taimaka ba, kuma kada a ƙara.

Ku yarda da ni, na tashi daga bencin nan ba yadda na zauna ba. Na gane! Ni da malamin lakwal ya ce kaina dutse ne, na gane abin da ke gudana a cikin ƙashin mutum inda ido ba ya gani. Mu da aka tasa daga bakin kogi ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san harin rana ɗaya ne, abin da ke biyo bayansa shi ke cinye gari. Na riƙa zagaya baranda ina maimaitawa, na tare wani Bafillace mai jinyar ɗansa na yi masa bayani tun daga tiyo har feshi, bawan Allah yana ta gyaɗa kai ko rabin Hausata bai ji ba. Na ɗauka duk wanda na gaya wa zai gani kamar yadda na gani. Nan na yi wauta.

Rana ta huɗu da hantsi tsohuwa ta iso daga Assaga, da matar Gaji, da Baba Mele mai ɗori. Kada wani ya ce muku Baba Mele macuci ne. Shi ya ɗora mini wannan hannun da nake rubutu da shi, kuma duk kwarin nan ba wanda ya kai shi sanin ƙashi. Tsohuwa ta yaye zanen da aka rufa wa Gaji, ta ga layukan bik, ta tambayi wane ne ke yi wa ɗanta rubutu a jiki kamar buhun da za a sayar. Na durƙusa na fara yi mata bayani da Barbarci, tiyo, feshi, sojojin jini. Ta bar ni na gama. Ta ce ita dai abin da ta sani, an ce mata ɗanta ya shigo nan yana motsa ƙafa, kuma tun da aka halicci duniya ba ta taɓa jin jikin mutum ya ci kansa ba sai a bakin wanda ya yi aji biyar. Baba Mele ya shafa wuyan a hankali ta saman kwalin, ya ce ƙashi ya goce, in an kai shi gida zai sa mutum biyu su riƙe kafaɗa, shi ya ja kan ya mayar da shi gurbinsa, saura na Allah. Majo ta ce ita ba ta tsare kowa da ƙarfi, in mai ciwo ya yarda, wanda ya kawo shi ya sa hannu a takarda, ga ƙofa. Ta ajiye takardar da bik a kan gado ta fita. Wanda ya kawo shi ni ne.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya kusa karya ni Gaji ne. Ya juyo da ido, don kan ba ya juyawa, ya ce:

"Yaya, ka bar su su tafi da ni. A nan mutuwa nake yi daga ƙasa zuwa sama."

Na ɗauki bik ɗin. Kowa ya zaci hannu zan sa. Na buɗe rigarsa na ja nawa layin a kan ƙashin wuyan riga, sama da na majo da faɗin yatsa huɗu. Na ce masa ranar kasuwa ka ce in bari ban bari ba, yau kuma ka ce in bari, kuma yau ma ba zan bari ba, sai dai yau na san dalili. Ka ba ni kwana uku. In layinta ya taɓa nawa, ni da kaina zan kai ka gidan Baba Mele. Ya rufe ido, can ya ce kwana uku. Na soke bik a aljihu, na je na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafafuna, kun san kuma ƙofa ba ta da saura in na zauna. Baba Mele ya ɗauki sandarsa ya ce shi ba ya ɗori a kan rigima, na janye ƙafa ya wuce. Tsohuwa ta tsaya a kaina. A gaban surukarta, a gaban baƙi, ta sa hannu ta kama nononta ta saman riga ta ce:

"In ɗana bai taka ƙasa ba, ban yafe maka wannan ba."

Ku da kuke da uwa kun san nauyin wannan. Na gyara zamana a bakin ƙofa. Ban kuma tashi ba.

Rana ta biyar layin majo ya ƙara hawa da faɗin yatsa ɗaya. Ta shida ya tsaya. Ta bakwai yana nan inda yake, tsakaninsa da nawa yatsa uku. Na auna da hannuna ya fi a ƙirga, har majo ta ce zan goge mata aiki da gumi. Ni da matar Gaji muka koyi juya shi kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a tare, duk bayan awa biyu, don kada bayansa ya ɓarke da gyambo. Na koyi zubar da robar fitsari, ni da ko tsarkin ɗana ban taɓa yi ba. A mako na biyu ƙirjinsa ya kama, zazzaɓi da majina, majo ta ce haka abin yake, bayan irin wannan rauni garkuwar jiki takan yi sanyi a sauran wurare, ana can ana ɓarna a wuya an bar huhu ba mai gadi. Aka yi ta allura har ya wuce. Sai wata safiya majo ta tsikare shi a kan tsohon layi ya ce wash. Ta sauka ƙasa kaɗan, ya sake cewa wash. Ranar ta ja layi a ƙarƙashin na jiya, karo na farko. Na fita na sayi ƙosai na raba wa ɗakin gaba ɗaya, har da wanda aka hana cin mai.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ƙafa ba ta dawo ba. Layin ya sauka ya sauka ya tsaya a haƙarƙari, can yake har gobe. Ko da an ja wuyan da ya taka? Na ce a'a, majo ta ce a'a, kuma ta ce da wuya ma ya ci gaba da numfashi. Amma ba ni da wani Gaji na biyu da zan gwada in nuna wa dangi, shi ya sa maganarsu ba ta mutuwa. Tsohuwa ta yi shekara biyu bayan nan. Ina kai mata hatsi ta karɓa, ina gaishe ta ta amsa wa bango. In tana son wani abu daga gare ni sai ta gaya wa matata a gabana. Da ciwon ajali ya kama ta na durƙusa na nemi gafara, ta juya fuska. Wannan nawa ne, ni zan je da shi, ban ce wani ya taya ni ɗauka ba.

Magana ta ƙarshe da tsohuwa ta yi mini baki da baki, a likitar nan ta yi ta, wajen mako na shida. Ta zo duba Gaji tana zaune a tabarma. Ina juya shi ina mita, ina cewa mutum siriri kamar kara amma nauyi kamar jaki, don ma na hana a ja masa wuya da yanzu ya fi raƙumi tsawo. Sai na ga yana kallon hannunsa na dama, yana cije leɓe, gumi na tsattsafo masa. Yatsun nan da suka fi wata guda a dunƙule suka fara buɗewa. Babban yatsa, manuni, na tsakiya. Sauran biyun suka biyo rabi. Ya ɗaga hannun da ƙyar, yana karkarwa, ya saita shi daidai fuskata, ya yi mini daƙuwa.

Ƙanena, a gaban uwarmu. Na yi ihu har masu jinya suka leƙo. Na ce sake, don Allah sake. Ya sake. Na ruga na janyo majo daga ɗakin allura na ce zo ki ga an zage ni, ta zo ta ce ita ma a yi mata, ya yi mata, ta riƙe hannun tana dariya tana lissafa yatsun da suka miƙe. Da hannun nan yake cin tuwonsa yau, da shi yake tura kekensa, da shi yake auna tattasai a bakin kasuwa, da shi ya ɗauki kowane ɗayanku da aka haifa bayan nan. Na juya wurin tsohuwa hawaye na zuba, na ce Ya, kin gani?

Ta gani. Ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta gyara lulluɓinta, ta dube ni cikin ido ta ce:

"Da ka bari an yi masa ɗori, da ƙafa zai shure ka."